Kayan Aro a Ɗakin Zainabu

Kai mai dariya a can baya, na ji abin da ka raɗa wa ɗan'uwanka. Wai rubuta wa mutane takardar koke ba sana'a ba ce, duk wanda ya iya riƙe biro ya iya. To taso ka dawo nan gaba inda zan riƙa ganin fuskarka. Shekara goma sha bakwai na yi a kan tebur a bakin titi, ƙofar kotun nan ta Giza da ake kai ƙarar ofisoshin gwamnati, tun farkon shekarun saba'in har wajen ƙarshen na tamanin, kuma har na tashi ban gama koyo ba. Kai da ka sauka Alƙahira shekaranjiya ne za ka gaya mini abu ne mai sauƙi?

Karatu ne ya kawo ni daga Gumel, kamar yadda ya kawo ku. A shekara ta uku tallafina ya yanke, kunya ta hana ni komawa gida hannu rabbana. Sai na liƙe wa wani tsohon Bamisire, Ammu Abdul-Tawwab, wato Baffa Abdul-Tawwab, mai rubutun koke a wurin, irin waɗanda suke kira ardahalji. Wata shida bai bar ni na rubuta ko harafi ba. Aikina in kafa tebur da laima, in jera takarda da kabon, in danne da dutse saboda iskar kogi, in manna damga, wato kan sarkin da in babu shi ba mai kallon takardarka, in kama yatsan tsohuwa in dangwala mata. Dangwalen ma sai an koya. Ka danna da ƙarfi ya caɓe, ma'aikaci ya ce shi bai ga komai ba, baiwar Allah ta koma gida sai wani makon.

Takardar farko da ya sa ni, ta wata mata ce da aka yanke wa tallafi. Na zage na zuba ilimi, shafi biyu cur, har da aya da hadisi da baitin waƙa. Ammu ya karanta layi uku ya yayyaga ta a gaban matar. Ya ce, "Ya Hamisu, huɗuba ka zo yi? Wanda zai karanta wannan takardu ne tuli a gabansa, ga yunwa yana ji. Suna, unguwa, lambar fayil, abin da aka yi mata, ranar da aka yi, abin da take so. Khalas, shi ke nan." Haushi ya sa na yi kwana biyu ban leƙo ba. Ranar ta uku na dawo na kafa masa laima.

Mafi wuya a cikin masu zuwa wurinmu su ne matan da maza suka gudu suka bari da yara. Bazawara tana da takardar saki. Wadda mijinta ya rasu tana da takardar mutuwa. Ita wannan fa? A rubuce matar aure ce, mijinta na da rai, to ina ruwan gwamnati da ita. Kafin ofishin tallafi ya saurare ta sai ta kawo takardar aure, da ta haihuwar kowane yaro, da rahoton 'yan sanda cewa mutumin ya ɓace, da shaidar ma'aikatan gwamnati biyu mai hatimi. Bayan duk wannan a turo mai bincike ta zo ta ga ɗakin da idonta, abin da ta rubuta kuwa shi ne magana. In an hana mace, tana da kwana sittin ta yi koke. In suka yi mata shiru, sai kotu, da sa hannun lauya. Kuma ku riƙe wannan, don a nan mutane ke ruɗewa: kotun ba ta ba da ko sisi. Iyakarta ta ce ofis ya yi ba daidai ba, ta soke hukuncinsa, ta mayar masa ya sake dubawa.

Shekarar da ta fi ƙona mini rai tana farkon shekarun tamanin. Lokacin Ammu ya rasu, teburin ya dawo hannuna. Maza suna ta kwarara Iraƙi da Libiya neman kuɗi. Wasu suka dawo da fanka da rakoda a ka, wasu suna aike, wasu kuwa ko wasiƙa babu, 'yan banza. Layin mata a gabana har wurin mai sayar da wake. A cikin layin nan Zainabu ta same ni.

Zainabu jininmu ce. Kakanta Bahaushe ne da ya taso aikin hajji a ƙasa, ya biyo ta Sudan ya ƙare a Masar. Nan aka haifi ubanta, nan aka haife ta, takardunta na Masar ne, amma Hausa take yi a ɗaki. Mijinta, shi ma ɗan irin gidajen nan, ya tafi Iraƙi aikin gini, shekara uku ba labari. Ya bar ta a ɗaki guda a saman wani bene a Giza da yara uku, mace ɗaya maza biyu, babbar shekararta tara. Wanki take yi wa mutanen benen. Ta gaishe ni tana murza bakin gyale, sai da na tambaye ta sau uku kafin ta buɗe baki.

"Malam, Yaya Bukari ne, wan babansu. Ya zo daga Sudan da azumi ya ga yadda muke. Ya ce in ba zan iya ci da su ba, zai dawo ya kwashe su ya kai garin Madani, can Sudan, wurin matarsa. Ni kuwa in aka ba ni tallafin nan, ga wankina, zan iya. Ba na son a raba ni da su."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Mako shida na yi ina haɗa fayil ɗin nan, kuma ban taɓa haɗa mai kyansa ba. Ni na raka ta wurin 'yan sanda, ni na yi ta bin wasu malaman makaranta biyu har suka sa hannu. Masinjan ofishin, wanda nake saya wa shayi, ya tsegunta mini cewa ranar Talata mai bincike za ta je. Na ce wa Zainabu kada ta fita ko nan da can. Da na koma gida na ce wa maiɗakina Rabi ta leƙa ta taya ta zama, don yarinyar ta cika kunya.

Akwai magana ɗaya da Ammu ke gaya wa kowace mace kafin zuwan mai bincike: "Ki bar ɗakin yadda yake, ko shara kada ki yi." Na ji ya faɗa har na gaji da ji. Ni ban faɗa ba. Na ga me Zainabu ke da shi da za ta gyara? Tabarma biyu, katifa ɗaya da auduga ke leƙe, risho, tukunya. Na ɗauka ba sai an faɗa ba.

Bayan mako uku amsa ta zo, layi ɗaya: bincike ya nuna tana da mai ɗaukar nauyinta. Na bar tebur a hannun maƙwabcina na nufi ofishin a fusace. Masinjan ya ja ni bayan ƙofa ya nuna mini rahoton. Wallahi da farko na zaci ɗakin wata aka shiga. Kafet ja. Kujeru biyu masu hannu. Labule. Fanka ta tsaye. Murhun gas. Yara sanye da sababbin kaya da takalma. An kawo wa mai bincike shinkafa da agwagwa da lemon kwalba. Sannan ta rubuta cewa fanka da rakoda su ne kayan da masu aiki a waje ke aikowa gida, saboda haka alamu sun nuna mijin yana aike, matar ɓoyewa take yi. Matar nan ta iya aikinta, har ta siffanta rakodar: baƙa, hannunta ya karye an ɗaure da waya. Ni na ɗaure wayar nan da hannuna.

Da la'asar na shiga gida ko sallama ban yi da kyau ba. Na ce wa Rabi, "Me rakodata ta je yi ɗakin Zainabu?"

Ta ce, "Haba Malam! Baƙuwa daga gwamnati za ta zo, ta tarar da 'yarmu a kan tsumman tabarma? Ta je ta ce haka Hausawa suke zaune? Ranar Lahadi a gidan suna na gaya wa Hajiya Kande, ta ce wallahi ba za a yi wannan abin kunya tana da rai ba. Kowa ta kawo abin da take da shi. Mu bakwai muka hau benen nan da kaya a ka, har mai gadi yana taya mu."

"Ita Zainabun ta yarda?"

"Za ta ce wa Hajiya a'a ne? Kuka ma ta yi ta yi tana godiya. Kuma ai kai ma da ka dawo ranar Litinin ka tambayi rakoda, na ce aro aka yi, ka ce to."

Na ce to, ba ƙarya ta yi ba. Wa zan huce a kansa? Na fita na zauna a kan matakala ina jin kamar in mari kaina.

Koken da na rubuta washegari layi tara ne: kayan duk na aro ne, ga masu shi, ga dalili, a sake turo bincike ba tare da sanarwa ba. Amma magana ba shaida ai iska ce. Sai kowace mace ta dangwala cewa abu kaza nata ne. Na ɗauki takarda da tawada na je wurin Hajiya Kande. Tsohuwar 'yar kasuwa ce, tana sarar yadi a kasuwar Ataba tana aikawa gida, kuma ita ce uwar duk wata Bahaushiya da ke garin nan. Ta saurare ni tana jan carbi har na gama.

"Malam Hamisu, ka ji kanka kuwa? Mu rufa wa yarinya asiri, sannan mu dawo mu dangwala hannu a takardar hukuma cewa ko kujerar zama ba ta da ita? Ya zauna a fayil har jikokinta su gani?"

Na ce, "Hajiya, ofishin matalauta fa ta je! Talaucin nan shi ne hujjarta, shi kaɗai take da shi, kun je kun lulluɓe shi da kafet!"

"Kada ka ɗaga mini murya, na haife ka. Mu alheri muka yi."

Alheri! Har yau in na ji kalmar nan a bakin wasu sai raina ya ɓaci. Sauran matan kuwa, wasu takardar zamansu a ƙasar ta ƙare, suna jin an ce hukuma suka ce su ba su san zancen ba. Uku kaɗai suka dangwala, ciki har da Rabi. Kafet da fanka, waɗanda su ne manyan, na Hajiya ne. Na kai koken haka nan kafin kwanakin su cika. Ofis ya yi gum.

Shari'ar na kai wa wani lauya matashi da nake tura wa mutane, ya karɓa don Allah. Ku da kuke ganin kotu a fim, kuna zaton ana tsayawa ana zuba jawabi. Ɗaki ne cike da mutane da zafi, alƙalai uku a sama, magatakarda yana kiran lamba kamar mai gwanjo. A kira taku, lauyan ofis ya miƙe ya ce fayil bai iso ba tukuna. An ɗaga. Wata uku. A dawo, fayil ya iso amma rahoton ba ya ciki. An ɗaga. A dawo, kotu ta tafi hutun bazara. Kowane zama Zainabu sai ta bar wankin yini guda ta zo da ƙaramin a goye, ta tsaya tun safe, don a yi maganarta a cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ta fito ta ce, "Malam, me suka ce?" In ce, "Ma'alish, an ɗaga." Na tsani kalmar ma'alish, wato a yi haƙuri, tun daga shekarar nan. Mutum yana zaune a ƙarƙashin fanka ya ɗaga wata uku da bakin biro, shi bai san wata uku sau nawa yaro ke jin yunwa a cikinta ba.

Azumi ya zagayo, Yaya Bukari ya zo. Ta roƙe shi, na roƙe shi, na nuna masa takardun kotu, ya haƙura ya koma. Azumi na biyu ya sake zuwa. Lokacin hannuwan Zainabu sun tsattsage da sabulu, gida biyu a benen sun sayi injin wanki sun sallame ta, ƙaramin yaron kuma ya kwanta ciwo ya tashi duk ya rame. Ba zan zagi Bukari ba, ba mugu ba ne, ƙaninsa ne ɗan iska. Ya ce mata, "Zainabu, ba ƙwace zan yi ba. Ranar da aka fara ba ki tallafin nan, ki aiko, ni da kaina zan dawo miki da su." Ita ta wanke musu kaya, ita ta ɗaure, ita ta raka su tashar jirgin ƙasa. Bayan kwana biyu sai ga Hajiya Kande a gaban teburina, ta miƙo yatsa ta ce in kawo takardar shaidar masu kaya. Ta dangwala tana hawaye. Ban ce mata sannu ba.

Zaman da aka yi maganar da gaske ya zo bayan wata huɗu. Lauyanmu ya miƙa shaidar masu kaya. Lauyan ofis ya yi dariya ya ce, "Ya shugaban kotu, wa ya taɓa jin talaka ya ari kayan ɗaki don ya nuna wa ofishin tallafi?" Babban alƙalin, wani dattijo mutumin kudancin Masar, ya cire tabarau ya ce a kira matar. Ya tambaye ta fankar ta wace ce, ta ce ta Hajiya. Kujerun fa? Ta faɗa. Agwagwar fa? Ta ce karo-karo aka yi. Ya ce, "Me ya sa ba ki gaya wa mai binciken ba?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Masu kayan suna zaune a wurin." Dattijon ya dubi lauyan ofis ya ce, "Da mahaifiyata ce maƙwabciyarta, abin da za ta yi ke nan." Aka soke hukuncin ofis, aka ce ya sake bincike.

Na karɓo kwafin hukuncin, shafi huɗu da hatimi, na yi ta nuna wa abokan sana'a kamar wanda aka yi wa haihuwa. A karon nan na je har saman benen na ce, "Ko tsinke kada wani ya taɓa a ɗakin nan." Ba wanda ya taɓa. Mai binciken ta zo, ita ɗin dai ta farko. Ta ga tabarma, ta ga risho, ta rubuta gaskiya tsaf: matar ba ta da komai, kuma babu yaro ko ɗaya a hannunta. Amsa ta zo cewa abin da ta nema na uwa ne mai riƙe da yara, in sun dawo ta sake nema daga farko. Na rubuta wa Bukari wasiƙa na yi masa bayani dalla-dalla. Ya amsa cewa shi ba zai ɗora yara a jirgin ruwa da na ƙasa a kan wataƙila ba, ya ga yadda wataƙilar farko ta ƙare. A fara biya, ya kawo su. Ofis ya ce a kawo su, ya fara dubawa. To kai mai cewa sana'ar nan ba wuya, gaya mini wace takarda za ka rubuta.

Wata safiya suka zo tare, Zainabu da Hajiya Kande. Zainabu na riƙe da ƙunshin kaya, na ɗauka wanki ne. Hajiya ta ja kujera ta matso ta rage murya.

"Malam Hamisu, na samo dabara. Jikokina uku suna nan, mace ɗaya maza biyu, kusan sa'anninsu. Ka sake rubuta takardar neman tallafin. Ranar da matar nan za ta zo mu kai su ɗakin. Ina za ta tuna fuskar yaran da ta gani sau ɗaya?"

Zan so in ce muku na daka mata tsawa. Ban yi ba. Ni da na yi shekaru ina alfaharin ban taɓa rubuta ƙarya ba, na hau auna abin a raina, har hannuna ya kai kan takarda. Zainabu ce ta yi magana.

"A'a, Hajiya. Na gode. Yaron da zai ce mini Inna na awa ɗaya sannan ya tafi gidansu, ba zan iya ba."

Zainabu ta ce ta mayar wa mai bene da mabuɗinsa, ta yanki tikitin jirgin ƙasa na yamma zuwa Aswan, daga can ta hau na ruwa zuwa Sudan wurin 'ya'yanta. Ta ce ai a Madani ma ana wanki. Na ce ta tsaya, akwai hanya, za mu iya komawa kotu a kan wannan amsar ma, lauya ya ce muna da hujja mai ƙarfi. Ta tambaye ni wata nawa zai ɗauka. Na hau ƙirgawa da yatsu.

Ta kwance bakin gyalenta ta fito da hukuncin, a naɗe cikin leda, ko lanƙwasa bai yi ba. Ta ajiye mini a kan tebur da hannu biyu.

"Riƙe, Malam. Kai ka ci shari'a. Ni 'ya'yana nake so."

Ta ɗora ƙunshinta a ka ta tsallaka titi wajen tashar bas. Na ɗauki dutse na danne hukuncin saboda iskar kogi.